LISSAFIN GOBE BIYU: YADDA ATTAJIRIN ƘWARAI YAKE YANKE SHAWARA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzurta bayi, Wanda Ya sanya kasuwanci ya zama babbar ƙofa daga cikin ƙofofin halal. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda ya yi fatauci zuwa ƙasar Sham da dukiyar Nana Khadija (R.A.) tun kafin a aiko shi, har mutanen Makka suka san shi da laƙabin Al-Aminu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a majalisunmu na nan Dakoro, musamman a bakin matasa. Sukan ce: mutum biyu sun soma da jari iri ɗaya, a kasuwa ɗaya, a shekara ɗaya, yau ga ɗaya da manyan motoci suna sauke kaya daga Maraɗi, ɗayan kuwa yana ɓuya daga masu binsa bashi. Mene ne ya raba su? Wasu sukan ce sa'a ce kawai. Wasu kuma, wal'iyazu billahi, sai su ce asiri ne ko tsafi, su ɗauki zunubin zato, wani ma ya tafi wurin boka ya sayar da imaninsa. To, mu sani arziki na Allah ne, Yana yalwata wa wanda Ya so, Ya ƙuntata wa wanda Ya so. Sai dai Allah Ya rataya abubuwa ga sabubbansu, kuma babban sababi a harkar kasuwa shi ne irin tunanin da mutum yake yi kafin ya sa hannu cikin aljihu. Idan muka duba attajiran da dukiyarsu ta daɗe kuma ta yi albarka, na da da na yanzu, za mu tarar suna lissafi da gobe biyu: goben duniya da goben Ƙiyama. Wanda ya manta da ta farko yakan karye, wanda ya manta da ta biyu kuwa ko bai karye a nan ba ya yi hasara.

ILIMI KAFIN CINIKI

Tambayar farko da ɗan kasuwa Musulmi yake yi wa kansa ita ce: wannan ciniki ya halatta? Tambayar nawa za a samu tana biyowa ne daga baya. Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya hana wanda bai fahimci addini ba ya yi saye da sayarwa a kasuwar Musulmi. Dalili kuwa a fili yake, domin wanda bai san iyakar gonarsa ba, ba zai san lokacin da ya shiga ta maƙwabci ba. Da yawa daga cikinmu mun karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure, amma muna isa babin ciniki sai mu yi sauri mu wuce, alhali shi ne babin da muke aiki da shi kowace safiya.

Ga misalai daga kasuwarmu. Annabi (S.A.W.) ya hana a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi. Wannan hukunci yana kan wanda yake fita bayan gari ya tare Bafillatani ko Buzu da dabbarsa, ya faɗa masa kasuwa ta faɗi alhali ba ta faɗi ba. Ya hana najashu, wato mutum ya taya abin da ba ya nufin saye don kawai ya ɗaga wa wani farashi, kuma kowa ya san yadda wasu dillalai suke yin haka a kara. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tulin abinci ya ji danshi daga ciki, sai ya yi wa mai shi faɗa a kan ɓoye aibi, ya barranta daga mai algus. Suratul Muɗaffifina kuwa ta buɗe da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu, don haka wanda yake da tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, ya san da wa ake.

Wanda ya san waɗannan iyakoki ya huta da rabin wahalar yanke shawara, domin akwai ƙofofin da ya riga ya rufe tun yana gida. Ba ya tsayawa yana auna su ranar kasuwa, lokacin da kwaɗayi yake da ƙarfi hankali kuma yake da rauni.

SANIN KASUWA DA FARA DA KAƊAN

Lokacin da Musulmi suka yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622, Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya iso ba shi da komai. Annabi (S.A.W.) ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u (R.A.), shi kuwa Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya roƙe shi abu ɗaya: ya nuna masa hanyar kasuwa. Bukhari ya ruwaito cewa abin da ya fara dawowa da shi gida shi ne ɗan cuku da man shanu. Ku dubi wannan, ya bayin Allah! Cuku da man shanu, irin waɗanda matan makiyaya suke kawo mana nan Dakoro. Da su ne ɗaya daga cikin mafi arzikin sahabbai, kuma ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ya kafa kasuwancinsa a Madina. Ya zaɓi ya san kasuwar da ƙafarsa da idonsa, ya fara da abin da yake iya juyawa, maimakon ya karɓi dukiyar da bai san hanyar sarrafa ta a baƙon gari ba.

A ƙasar Hausa ma muna da misali. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara ne da fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, sana'ar iyayensa. Da ya ga jirgin ruwa yana ɗaukar kaya daga gaɓar tekun Gwalkwas, ƙasar Ghana ta yau, zuwa Ikko, sai ya riƙa aika goronsa ta nan maimakon doguwar tafiyar ayari. Da layin dogo ya iso Kano a wajen 1911 zuwa 1912, Turawa suka soma neman gyaɗa, sai ya shiga sayenta ta hannun yaransa da ya baza cikin ƙauyuka. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, tarihi ya nuna ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafi arzikin mutanen Afirka ta Yamma, kuma an san shi da sauƙin ci da sutura. Abin lura a nan shi ne, duk sabuwar hanyar da ya shiga tana jingine da abin da ya riga ya sani: ya san manoma, ya san hanyoyi, ya san mutanen da zai ba amana. Matashin da ya ji labarin wata harka a waya ko a intanet, aka ce masa kuɗi suna ninkuwa cikin mako guda, ya kwashe kuɗin gadonsa ya zuba ba tare da ya san abin da ake saye ko sayarwa ba, ya saɓa wa hanyar Abdurrahman, ya saɓa wa hanyar Ɗantata.

LISSAFIN GOBEN DUNIYA

Suratu Yusuf ta koya mana cewa tanadi yana daga cikin aikin annabawa. Annabi Yusufu (A.S.) ya fassara mafarkin sarkin Masar da shekara bakwai na wadata da bakwai na fari, sannan ya ba da shawara a bar hatsi cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci. Kakanninmu da suke ɗaure hatsi dami-dami su zuba a rumbu, a kan wannan hikima suke.

Mu mutanen jihar Maraɗi mun ga shekarun fari iri-iri, na sama da na kasuwa. Arzikin Alhazan Maraɗi na farko a kan gyaɗa ya tsaya, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don fitar da ita waje. Da farin 1973 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya, sai harkar ta durƙushe. A 1984 Najeriya ta rufe iyakarta ana cikin fari, har talakawa suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari, ba a buɗe ba sai 1986. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a dare ɗaya, wanda ya ɗauko kayan waje bashi ya wayi gari bashinsa ya ninka. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe ta a 2023 zuwa farkon 2024. A kowane karo an ga wanda ya zuba duk jarinsa a kaya ɗaya da hanya ɗaya ya zauna ƙasa, an ga wanda ya rarraba, ya ajiye wani abu a gefe, ya jure har iska ta wuce.

Saboda haka attajirin ƙwarai kafin ya tambayi nawa zai samu idan abin ya yi kyau, yakan tambayi kansa: idan abin ya ɓaci, zan iya tashi? Idan amsar ita ce a'a, sai ya rage hannu ko da ribar tana ƙyalli. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido. Kuma ba ya cin uwar kuɗi: ya san bambancin jari da riba, ba ya yin biki ko ƙarin aure da jarin da ake juyawa.

Wannan nasiha ta shafi makiyaya ma, domin garke jari ne. A 2010, da ciyawa ta ƙare a arewacin Dakoro, wajen Gadabeji da Barmo, dabbobi masu ɗimbin yawa sun mutu. Wanda ya daure ya sayar da wani sashe tun dabbobin suna da nama, ya sayi dusa da hatsi, ya tsira da sauran. Wanda ya ce ba zai iya rabuwa da ko ɗaya ba, ya zo yana sayar da saniya a kuɗin akuya, wani ma bai iso da ita kasuwa ba. Rage hasara da wuri yana da ɗaci, amma yana cikin hankali, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Ai Tirmizi ya ruwaito cewa mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya haɗa biyun, ɗaurewa da dogaro.

Sannan rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Gidaje nawa ne a garin nan zumuncinsu ya tsinke bayan rasuwar maigida, saboda abin da yake bi da abin da ake binsa duk a kansa suke, aka binne shi da su? Wanda ba ya rubutu bai san ko riba yake ci ko jari ba, kuma bai san zakkar da ke kansa ba idan shekara ta zagayo.

SHAWARA, ISTIHARA, SANNAN AZAMA

A cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 159, Allah Ya jera wa ManzonSa abubuwa uku bi da bi: ya yi shawara da sahabbansa, ya ƙulla azama, ya dogara ga Allah. Idan wanda wahayi yake saukar masa an umurce shi da shawara, ina ga ni da kai? Shawara ɗaukar ɗaki ce, in ji Hausawa. Sai dai a san wanda za a tambaya. A tambayi malami hukunci, a tambayi gwanin sana'a sirrin sana'arsa. Imamu Muslim ya kawo ƙissar barbarar dabino, inda Annabi (S.A.W.) ya mayar wa manoman Madina da al'amarin nomansu saboda sun fi sanin sa. Farashin raƙumi a tambayi wanda ya tsufa a kara, lafiyar mota a tambayi makanike. Babban abin da yake halaka mai dukiya shi ne ya kewaye kansa da ƴan amshin shata, waɗanda ko ya ce rana daga yamma take fitowa za su ce haka ne, Alhaji. Attajiri mai hankali yana riƙe da mutum ɗaya ko biyu da suke iya ce masa a'a, kuma ba ya fushi da su. Kada kuma ya raina shawarar matarsa ta gari, domin Annabi (S.A.W.) ya karɓi shawarar Ummu Salama (R.A.) a Hudaibiyya, al'amari ya warware.

Bayan shawara sai istihara. Jabiru ɗan Abdullahi (R.A.) ya ba da labari, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa Annabi (S.A.W.) yana koya musu istihara a dukan al'amura kamar yadda yake koya musu surar Alƙur'ani. Raka'a biyu ce ta nafila da addu'ar da aka sani, mai buƙata shi yake yi da kansa, kuma ba sharaɗi ba ne sai ya yi mafarki. Abin da wasu suke yi na biyan mai duba ya buga ƙasa ya faɗa musu ranar fita, wannan ba istihara ba ce, bokanci ne, kuma yana rusa aƙida.

Idan an gama waɗannan, sai azama. Mai yawan kai-kawo, yau zai saya gobe ya fasa, kasuwa takan watse ta bar shi tsaye. Idan kuma abin ya zo da hasara bayan ya yi duk abin da ya kamata, sai ya yarda da ƙaddara, ya duba inda kuskure ya shigo don gaba, kada ya zargi maƙwabci da jifa. Idan ya zo da riba, ya tuna Ƙaruna da Suratul Ƙasasi ta ba da labarinsa, wanda ya jingina dukiyarsa ga iliminsa, Allah Ya sa ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

ARZIKIN MUTANE

Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986. Daga cikin abin da ya lura da shi akwai cewa ƙarfin Alhaji yana tsaye a kan abin da mu da kanmu muke kira arzikin mutane: barori da yaran gida da abokan hulɗa da ake ba kaya na miliyoyi a kan magana kawai. Wannan jari ne da ba a sayen sa da kuɗi, kuma ƙarya ɗaya tana iya ƙone shi. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu (R.A.) da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa gaskiya da bayyana aibi su ne suke jawo albarkar ciniki, ƙarya da ɓoyewa kuma suna shafe ta. Don haka idan attajirin ƙwarai ya ga cinikin da zai kawo masa jika ɗari amma ya zubar masa da amana a idon mutum guda, ya san hasara ce. Yana biyan ɗan dako da direba haƙƙinsu a kan lokaci, yana yi wa wanda yake bi bashi jinkiri idan da gaske yana cikin ƙunci, kuma idan yaronsa ya daɗe yana yi masa hidima yakan sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa.

RANAR BABBAR JARRABAWA

Yanzu mun iso inda lissafin gobe ta biyu yake bayyana. Mu ɗauka kai ne, ɗan'uwa, kake da buhu ɗari biyu na hatsi a sito. Damina ta tsaya, rumbunan talakawa sun ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, farashin tiya yana hawa kowace kasuwa. Zuciya tana ce maka ka ƙara jira wata guda. A bakin ƙofarka kuwa ga mace da goyo tana neman tiya ɗaya. Ba mu manta da 2005 ba, shekarar da aka cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa a Maraɗi da nan Dakoro, alhali hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin sayen sa ne ya gagari talaka.

Shari'a ba ta hana ajiya ba. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayanin cewa manomin da ya ajiye abin da ya noma, da wanda ya sayi kaya lokacin wadata ba tare da ya ƙuntata wa kasuwa ba, babu laifi a kansu. Abin da aka haramta shi ne ihtikari, wato kwashe abinci a ɓoye shi lokacin da mutane suke cikin matsi don a tilasta musu farashi, kuma Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da ya kira mai yin haka mai saɓo. Malamai sun kuma tabbatar cewa idan larura ta kai matuƙa, hukuma tana da ikon tilasta wa mai abinci ya fito da shi. Haka nan bashin nan da ake ce wa a-ci-ba-daɗi, inda ake ba manomi hatsi da damina ya biya ninki da kaka, cin kuɗin ruwa ne ko da an sake masa suna.

Littattafan tarihi sun kawo cewa a wata shekarar yunwa ayarin Sayyidina Usmanu ɗan Affanu (R.A.) ya iso Madina ɗauke da abinci, ƴan kasuwa suka yi ta taya masa da riba, yana ce musu an taya masa fiye da haka. Da suka rasa gane wanda ya riga su, sai ya bayyana musu cewa Allah ne Ya yi alkawarin ninki goma, ya raba kayan sadaka. Shi ne kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Usmanu ɗan kasuwa ne da ya iya lissafi, ya auna tayi biyu ya ɗauki mafi tsoka. Ba mu ce kowa sai ya yi kamar Usmanu ba. Amma kowa yana iya buɗe sitonsa ya sayar da riba madaidaiciya, ya ware wani abu ga maƙwabta da marayu, ya fitar da zakkarsa cikakkiya, kashi biyu da rabi cikin ɗari na dukiyar kasuwanci idan ta kai nisabi shekara ta zagayo. Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa daga matsayarsa ranar Ƙiyama ba sai an tambaye shi game da dukiyarsa tambaya biyu: ta ina ya same ta, kuma a ina ya kashe ta.

Ya ƴan'uwa, kafin kowane babban ciniki mu tambayi kanmu: ya halatta? Na san shi? Idan ya ɓaci zan iya tashi? Na yi shawara da masana, na yi istihara? Wa zai cutu idan na ci wannan riba? Mai teburin goro da mai tirela duka waɗannan tambayoyi sun hau kansu.

Allah Ya arzurta mu da halal mai albarka, Ya wadatar da mu da shi ga barin haram. Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ɗaga waɗanda suka karye, Ya sanya tausayi a zukatan mawadatanmu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye dabbobinmu, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.